Ranar da aka goge teburin biyan bashi, da yadda muka dawo da shi

Rumbun bayanan da nake kula da shi na wani kamfanin dillancin kayan masarufi ne a Kano, irin masu sauke kaya da tirela su raba wa 'yan kasuwa, wasu kuɗi hannu, wasu bashi. PostgreSQL, wato manhajar da ke tafiyar da rumbun, muke amfani da shi, siga ta 15, a kan saba guda a ofis, wato babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan, da wata ta biyu da ke bin sawunta tana kwafar duk abin da ta farkon ta yi. Da na karɓi aikin, iyakar ajiyar da na tarar ita ce pg_dump, mai kwafe bayanan rumbun, da ke tashi ƙarfe 2 na dare ya zuba fayil a wani faifai. Ba laifi, har yau ma ban kashe shi ba. Sai dai hoton daren jiya ne kawai. In abu ya lalace da la'asar, cinikin yini ya tafi ke nan: rasit, biyan bashi, kayan da suka fita daga sito. Na yi wa mai kamfanin bayani, ya dube ni ya ce, "Malam, kana nufin in na'urar nan ta ƙone da yamma, sai mu bi mutane muna tambayar su nawa suka biya da safe?" Na ce ƙwarai kuwa, Alhaji. Ya ce to a gyara.

Gyaran ya rataya ne a kan wani abu da PostgreSQL yake yi da kansa tun siga ta 7.1 a 2001. Duk canjin da za a yi wa bayanai, ba ya isa ainihin fayil ɗin tebur, wato jadawalin da bayanai ke jere layi-layi, sai an fara rubuta shi a wani kundi na daban, ɗaya bayan ɗaya, bi da bi. Wannan kundin ne ake kira WAL. Kamar yaron shago ne da ke rubuta kowane ciniki a 'yar takarda nan take, sai an sami sarari a kwashe zuwa babban littafi. In babban littafin ya jiƙe, muddin akwai kwafinsa na makon jiya kuma takardun suna nan a jere ba wadda ta ɓata, za a sake gina shi har zuwa cinikin da aka ga dama a tsaya.

Dalilin yin haka tun asali sauri ne da tsaro. Teburori a shafuka suke, kowane shafi kilobait 8, a warwatse cikin faifai. Bin su ɗaya-ɗaya duk lokacin da aka yi ciniki ɓata lokaci ne. Shi kuwa kundin a jere ake rubuta shi. Don haka idan mai karɓar kuɗi ya danna ajiye, abin da na'ura ke jira kawai shi ne layin kundin ya zauna a faifai, sai ta ce masa an gama. Shafukan da suka canza suna zaune a ƙwaƙwalwa, sai a zube su daga baya, duk minti 5 ko in kundin ya doshi gigabait 1, in ba a taɓa saitin asali ba. Mu da muke zaune inda ake ɗauke wuta ba sallama mun fi kowa cin moriyar wannan. Na sha ganin batirin inbata ya gaza kafin janareta ya kama, saba ta mutu tsakar aiki, in ta tashi sai ta koma zubewar ƙarshe ta bi kundin ta maimaita abin da ke ciki, cikin 'yan sakanni ta buɗe kamar ba abin da ya faru. Akwai wani saiti, full_page_writes, da ke sa a kwafi shafi sukutum cikin kundin karon farko da aka taɓa shi bayan kowace zubewa, don kada wuta ta yanke ana tsakiyar rubuta shafi ya zama rabi sabo rabi tsoho. Wasu na kashe shi don rage nauyi. Ni kam ba a garin nan ba.

Matsalar ita ce da zarar an zube shafuka, PostgreSQL ba ya ganin amfanin tsohon kundi, sai ya sake masa suna ya rubuta sabo a kai. Tun siga ta 8.0 a 2005 aka ba da damar a riƙa kwashe shi zuwa wani wuri kafin hakan. Kundin a yayyanke yake, fayil-fayil, kowane megabait 16, da suna mai haruffa 24 irin su 000000010000002A000000C7, a cikin foldar pg_wal. Na kunna archive_mode, wanda dole sai da aka sake tayar da saba, don haka na bari sai bayan isha da aka rufe shaguna. Sai archive_command, umarnin da PostgreSQL zai kira duk lokacin da fayil ya cika. Ƙa'idarsa ɗaya ce: in umarnin ya dawo da sifili, an ɗauka fayil ya isa, za a iya share shi, in ya dawo da wani abu daban, a riƙe fayil ɗin a sake gwadawa. Misalin da ke cikin takardun PostgreSQL da cp yake, umarnin kwafe fayil na yau da kullum, amma cp na iya cewa ya gama alhali bayanan ba su zauna a faifai ba tukuna. Na ɗauki pgBackRest, wata manhaja da aka gina don wannan aikin. Akwai Barman, akwai WAL-G, duk suna aikin. Na zaɓi pgBackRest ne don yana matse fayiloli, yana kulle su da mabuɗi, kuma yana iya ajiyewa wuri fiye da ɗaya. Ɗaya a wata na'ura a ofishin sito, ɗaya a ma'ajiyar intanet.

Wani abu da ba a cika lura da shi ba: fayil ba ya tafiya sai ya cika. A kamfani irin namu, in kasuwa ta yi sanyi, megabait 16 na iya ɗaukar awanni, kuma duk abin da ke cikin fayil ɗin da bai cika ba yana kan sabar da ake tsoron ta mutu. archive_timeout ne maganin wannan. Na sa sakan 60, wato duk minti ɗaya in an yi wani aiki a rufe fayil a tura ko bai cika ba. In aka lissafa, fayil 1,440 ne a yini in aiki bai tsaya ba, kusan gigabait 23, amma galibinsu fanko ne, in an matse su ba su kai komai ba. Da haka na iya ce wa Alhaji abin da za mu rasa a rana mafi muni bai fi cinikin minti ɗaya ko biyu ba.

Kundi shi kaɗai kuma ba ya gina komai, sai da tushe. Tushen shi ne kwafin fayilolin rumbun gaba ɗaya, wanda ake ɗauka saba na aiki. Kwafin da kansa a hargitse yake, don ana kwafa ana canzawa. Kundin da aka rubuta daga farkon kwafin zuwa ƙarshensa ne ke daidaita shi. Shi ya sa pg_dump ba ya shiga wannan lissafin ko kaɗan, ba a ɗora masa WAL. Na tsara cikakken kwafi daren Juma'a, sauran darare kuma abin da ya canza kawai.

Jarrabawar farko ba daga inda na zata ta zo ba. Masu aikin titi suka tsinke wayar intanet ta unguwar, turawa zuwa ma'ajiyar waje ta tsaya. PostgreSQL ya yi abin da aka gina shi ya yi: ya riƙe fayilolin. A pg_stat_archiver lambar gazawa na ta hawa, a foldar archive_status fayiloli masu ƙarewa da .ready na ta taruwa, faifai na cika. Yaron da ke taya ni aiki ya leƙo ya ce, "Oga, in goge tsofaffin nan? Na ga wasu tun na shekaranjiya ne." Na ce kul, ko da wasa. Ba shi ne farkon mai wannan tunanin ba. Yawan masu goge foldar suna zaton tarkacen rahoto ne ya sa aka canza mata suna daga pg_xlog zuwa pg_wal a siga ta 10 a 2017. Goge fayil ɗaya a tsakiya ya isa. Maimaita kundi ba ya tsallake rami: in an zo inda fayil ya ɓata, nan tafiya ta ƙare, ko da akwai dubu lafiyayyu a gaba. In kuma aka bari faifan ya cika maƙil, saba za ta tsaya cak. Muka jona modem mai layin waya, fayilolin suka tsiyaye a hankali. Bayan nan na ware wa pg_wal faifai mai faɗi, na sa ƙararrawa da ke turo min saƙo in fayiloli masu jira sun yi yawa. pgBackRest na da wani saiti, archive-push-queue-max, wanda in jerin ya wuce iyaka zai ce wa PostgreSQL an ajiye alhali zubarwa ya yi, don dai saba ta rayu. Na kunna shi da iyaka mai nisa, ina sane da cewa ranar da ya yi aiki sarƙa ta tsinke, sai an ɗauki sabon kwafi nan take. Tsakanin shaguna su tsaya da a rasa damar komawa baya na ɗan lokaci, mai kamfani ne ya zaɓa, ba ni ba.

Na kuma sa wa kaina al'adar gwada dawowa a wata tsohuwar na'ura duk wata. Abin da ya sami GitLab, wani kamfanin manhaja, ranar 31 ga Janairu, 2017 ne ya sa ba na wasa da wannan. Wani injiniyansu ya goge foldar bayanai a babbar saba yana zaton ta biyun ce, kusan gigabait 300 suka tafi. Da suka waiwayi ajiyarsu sai suka tarar pg_dump ya daɗe yana gazawa ba wanda ya sani, don sigarsa ta 9.2 ce, rumbun kuma 9.6. Wani kwafi da aka ɗauka kimanin awa 6 kafin ɓarnar ne ya cece su, aikin awannin nan kuwa ya tafi. Kamfani ne mai ƙwararru, kuma su da kansu suka wallafa labarin dalla-dalla. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Tamu ranar ta zo ne wata Talata. Wajen ƙarfe 1 Hajiya mai kula da asusu ta kira ni. "Malam, zo ka ga wani abu. Mutumin nan na Singa ya biya kuɗinsa tun watan jiya, ni na sa hannu a rasit, amma ga shi na'ura na bin sa bashi." Muka duba wani, haka. Wani ma haka. Na ƙirga layukan teburin biyan bashi, na ga ya rame ƙwarai. Ba a jima ba wani matashi cikin masu rubuta manhajar kamfanin ya zo ya tsaya bakin ƙofa, jikinsa a sanyaye. Yana share bayanan gwaji ne, tagogi biyu a buɗe a kwamfutarsa, ya buga DELETE, umarnin gogewa, a tagar da ba ita ba. Saba ta biyu da ke bin sawu ba ta amfane mu da komai ba, don ita ma ta goge cikin ƙiftawar ido. Aikinta ke nan, ta yi duk abin da ta farko ta yi, daidai ko kuskure.

Ban kashe komai ba. Na ce masu karɓar kuɗi su ci gaba, a dai tsayar da saƙonnin tunin bashi da ake tura wa kwastomomi kafin mu ɓata da mutane. Na kira pg_switch_wal don fayil ɗin da ake ciki ya rufe ya tafi ma'ajiya. Sannan na tambaye shi ƙarfe nawa abin ya faru. Ya ce, "Wajen sha biyu saura, Oga." Ga ɗan Adam wannan amsa ce. Ga na'ura ba amsa ba ce: in na tsaya da wuri na rasa biyan da aka yi a mintunan ƙarshe, in na wuce da sakan ɗaya na dawo da tebur a goge.

A nan ne aikin yake, kuma nan ne ba a cika koyarwa ba. Rahoton saba bai rubuta umarnin ba, don log_statement, saitin da ke sa a rubuta umarni a rahoto, ba a kunne yake ba. Sai na koma kundin kansa. pg_relation_filepath ya ba ni lambar fayil ɗin teburin, na jawo fayilolin WAL na safiyar daga ma'ajiya, na buɗe su da pg_waldump ina tace su da wannan lambar. Ba ya nuna sunan kwastoma ko adadin kuɗi, layuka ne busassu: irin aikin, lambar mu'amala (wato ƙunshin aikin da ake kammalawa ko a fasa shi gaba ɗaya), shafin da aka taɓa. Ana ta INSERT, wato shigar da layi, jefi-jefi, kowane da lambarsa, kwatsam sai ga DELETE ya cika allo, layi bayan layi, duk da lambar mu'amala ɗaya. Na bi wannan lambar har layin COMMIT ɗinta, wato inda aka kammala ta, ga lokaci a rubuce: 10:42 da 'yan sakanni. Matashin ya ce, "Ai lokacin ban ma zauna ba." Gaskiyarsa. Agogon sabar a kan UTC yake, wato lokacin bai-ɗaya na duniya, mu kuma muna gaba da awa ɗaya, 11:42 ke nan a Kano. Wanda ya rubuta recovery_target_time, wato lokacin da za a tsaya, da agogon hannunsa bai saka +01 ba, na'ura za ta iya fassara shi da nata agogon, ya tsaya awa guda bayan ɓarna yana mamakin me ya faru.

Tunda lambar mu'amalar na hannuna, ban bi ta lokaci ba. A tsohuwar na'urar gwaji na sa pgBackRest ya sauke kwafin daren Litinin, na ba shi lambar a matsayin wurin tsayawa, na ce a tsaya kafin ta, ba bayanta ba. Wannan sai an faɗa, don in aka bar saitin asali har da ita za a haɗa. Abu biyu na tabbatar kafin in tayar da ita: an kashe mata tura kundi, don kada ta zuba nata tarihin a ma'ajiyar babbar saba, kuma ba wata manhajar tura saƙo da ke iya kaiwa gare ta. Wanda ya saba da tsofaffin sigogi zai nemi recovery.conf, fayil ɗin saitin farfaɗowa, babu shi tun siga ta 12 a 2019, saitin ya koma cikin na kullum, sai wani fayil fanko mai suna recovery.signal da ke shaida wa saba cewa farfaɗowa za ta yi.

Daga nan sai kallo. Rahoto na ta zubo layuka, an dawo da fayil kaza daga ma'ajiya, an dawo da na gaba. Maimaitawar da ma'aikaci ɗaya ake yin ta, ba a raba ta, don haka nisan da ke tsakanin kwafi da wurin tsayawa shi ne tsawon zamanka. Da kwafin Juma'a kaɗai gare ni da na kai magariba. Can ta rubuta cewa ta tsaya kafin kammalar mu'amala lamba kaza, ta dakata. Wannan dakatawar alheri ce: ana iya shiga a karanta, in an ga ba a kai ba a kashe a matsar da wurin tsayawa gaba a ci gaba. Baya ce ba a komawa, sai dai a sake sauke kwafin tun daga farko. Abin da ya burge ni shi ne su layukan DELETE ɗin duk an maimaita su a wannan na'urar. COMMIT ɗin ne kawai bai iso ba, kuma mu'amalar da ba ta kammala ba kamar ba a yi ta ba ce. Na ƙirga teburin, ya cika. Na kira Hajiya ta nemo mutuminta na Singa, ga biyansa nan da ranarsa.

Alhaji ya ce, "Alhamdulillahi. To a mayar da komai haka." Na ce a'a, ranka ya daɗe, in na yi haka na goge maka cinikin da aka yi daga 11:42 zuwa yanzu. Wannan hanyar ba ta san tebur ɗaya ba, ba ta ma san rumbu ɗaya ba. Duk abin da ke kan sabar take mayarwa baya tare. Da sabar ce ta ƙone, da sai in saki wannan ta zama babba, ta buɗe sabon reshen tarihi, haruffa 8 na farkon sunan fayilolinta su koma 00000002. Amma sabarmu lafiyarta ƙalau, tebur ɗaya ne ya sami rauni.

Don haka na kwashe layukan da ke na'urar gwaji waɗanda babu su a babbar, da COPY, zuwa wani teburin wucin gadi. Kafin in taɓa komai na kafa alama da pg_create_restore_point, don in wannan gyaran ma ya karkace a sami suna da za a koma gare shi ba sai an yi farautar sakan ba. Teburin na da kunama biyu a jikinsa, wato ƙananan umarnin da ke tashi da kansu in an shigar da layi: ɗaya na rage bashin kwastoma, wannan ina son sa ya yi aiki, ɗayan na tura saƙon "mun karɓi kuɗinka". Da na bar na biyun, da ɗaruruwan 'yan kasuwa sun sami saƙon godiya kan kuɗin da suka biya tun bara. Na kashe shi, na buɗe mu'amala, na zuba layukan, ban kammala ba sai da Hajiya ta gwada jimillar da nata lissafin.

Bai yi daidai ba. Kuɗin da aka biya ya fi yadda ya kamata. Ashe a awannin da teburin ke a goge, wasu masu karɓar kuɗi a rassa, da kwastoma ya zo da rasit a hannu yana faɗa, sai suka sake shigar da biyan da hannu don a rabu lafiya. Yanzu ga na asali ya dawo, ga nasu, kowane da lambarsa daban. Babu wani abu a kundi da zai ce waɗannan biyun abu ɗaya ne. A wurin na'ura duka halal ne. Na fitar da duk biyan da aka shigar bayan 11:42 wanda kwastoma da adadinsa suka yi daidai da wani tsoho, Hajiya ta ja kujera da ƙunshin kwafin rasit, tana kiran rassa ɗaya bayan ɗaya. Wasu maimaici ne. Wasu kuwa mutum ne da ya saba biyan adadi ɗaya duk mako, kuma da gaske yau ma ya biya. Saukewa da maimaita kundi ba su kai awa ɗaya ba, wannan tantancewar ce ta kai mu bayan isha.

Washegari na cire wa asusun masu rubuta manhaja ikon gogewa a babbar saba, na sa log_statement ya riƙa rubuta duk umarnin da ke canza bayanai, duk da rahoton ya yi ƙiba. Na kuma tayar da saba ta uku a tsohuwar na'urar, da recovery_min_apply_delay na awa 3: tana karɓar kundi nan take amma ba ta aiki da shi sai bayan awa 3, don in an farga da wuri a dakatar da ita kawai a kwashi abin da ake so. Fayilolin saiti irin su pg_hba.conf ba sa bi ta kundi, na sa su a ajiya ta daban. Sai maganar tsawon riƙo, wadda Hajiya ce ta tayar da ita: in da sai ƙarshen wata aka gano fa? Cikakkun kwafi 2 nake riƙewa a lokacin, kuma kundin da ya girmi kwafi mafi tsufa ba shi da abin da za a ɗora shi a kai, ana share shi tare da kwafinsa. Ke nan ikonmu na komawa baya bai wuce mako biyu ba, alhali ita sai wata ya ƙare take rufe littafi. Na mayar da shi kwafi 6, Alhaji ya sa hannu a kuɗin ƙarin faifai.